Cimar Tsoho, Takardar Gwaji da Ƙwaƙwalwa: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan tambayoyi na masu riƙon tsoho ne a gida: ɗan da ya kai Baba asibiti ya dawo da takarda cike da lambobi, 'yar da ta lura Inna ta fara maimaita zance, jikar da aka bar wa girkin Kaka. An jera su daga mai sauƙi zuwa mai zurfi. Ba za su maye gurbin likitan da ya ga mara lafiya da idonsa ba, amma za su sa ku san abin da za ku tambaye shi.

1. Mene ne alamomin gina jiki, kuma ina ruwansu da ƙwaƙwalwa?

Duk abin da za a auna a jikin mutum ya nuna ko cimarsa tana isarsa, shi ake nufi. Wasu sai an ɗebi jini: yawan jinin kansa, bitamin B12, folet, ƙarfen jiki, sukari, gishirin jini. Wasu ko allura ba sa buƙata: nauyi a sikeli, kaurin dantse da na sharaɓa, ƙarfin damƙar hannu.

Ƙwaƙwalwa ba ta wuce kashi 2 cikin ɗari na nauyin jiki ba, amma ita ke cinye kusan kashi 20 na kuzarin da jiki ke ƙonawa ko da mutum yana kwance. Kuma ba ta da rumbu. Sukari da iskar da jini ya kawo mata yanzu, da su take aiki yanzu. Da abin ya ragu, sai a ga alama a magana da tunani.

2. Ashe ba tsufa ne kawai ke kawo mantuwa ba?

Akwai mantuwar da ke zuwa da shekaru: sunan jika ya ɓace na minti ɗaya ya dawo, a yi ta neman carbi alhali yana aljihu. Wannan ba ciwo ba ne. Gigin tsufa daban yake. Tsoho ya ɓata a hanyar masallacin da ya yi shekara 40 yana bi, ya ci abinci ya rantse ba a ba shi ba, ya kasa lissafin canjin da a da yake yi da ka. Ciwon ƙwaƙwalwa ne, ba mugun hali ba, ba sammu ba, ba maita ba, ko da yake har yau akwai tsofaffin mata da ake jifa da wannan zargi saboda surutan da ciwon ke sa su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi, sama da kashi 60 cikinsu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita. Kashi 60 zuwa 70 cutar Alzaima ce, kuma babu abincin da ke warkar da ita. Sai dai a cikin tsofaffin da suka ruɗe akwai 'yan kaɗan da abin da ke damunsu mai gyaruwa ne gaba ɗaya, akwai kuma da yawa masu ciwon na gaske da wani ƙaranci ya hau kai ya ƙara dagula musu lissafi. Saboda waɗannan ake gwaji.

3. Shekaranjiya Baba ƙalau yake, yau bai gane mu ba. Mu ƙara masa abinci mai gina jiki?

A'a, ku kai shi asibiti yau. Gigin tsufa a hankali yake shigowa, cikin watanni da shekaru. Ruɗewar da ta faɗo cikin awoyi ko kwana biyu, tana lafawa da rana tana tsananta da dare, alama ce ta wani abu da ke faruwa a jiki yanzu: zazzaɓin cizon sauro, ciwon huhu, cuta a mafitsara, shanyewar ɓarin jiki, sabon magani, ko ɗaya cikin abubuwa uku da suka shafi ci da sha.

Na farko faɗuwar sukari ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, mafi yawa ga mai ciwon sukari da ya sha gilibenkilamaid ko aka yi masa allurar insulin bai ci abinci ba. In yana iya haɗiya a ba shi ruwan sukari nan take, in ya suma kada a ɗura masa komai a baki. Na biyu faɗuwar gishirin jini mai suna sodiyum ƙasa da 135, wanda maganin hawan jini mai sa yawan fitsari kan jawo. Na uku bushewar ruwan jiki. Ƙishirwa tana raguwa da tsufa, ga zafin Maris zuwa Mayu, ga kuma tsofaffin da ke rage shan ruwa da gangan don gudun yawan zagawa da sake alwala.

4. Waɗanne gwaje-gwaje likita kan fara nema ga tsohon da ke mantuwa?

Galibi cikakken gwajin jini, sukari, gishirin jini da aikin ƙoda, bitamin B12, da gwajin TSH mai nuna aikin tayrod, wato ƙullutun wuyan nan da in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. Idan aikinsa ya yi sanyi yakan kawo nauyin jiki, jin sanyi, taurin bayan gida da jinkirin tunani, kuma ƙwaya ɗaya a rana ke gyara shi. Likita na iya ƙara kalsiyum, ko gwajin cutar ƙanjamau da tunjere in ya ga dalili, kuma wannan ba zargi ba ne ga tsohonku.

Awon yawan jini da na sukari ana samun su har a ƙaramin asibiti. B12 da TSH sukan buƙaci babban ɗakin gwaji da ƙarin kuɗi. Abu ɗaya da ba ya cin ko sisi: ku zuba duk magungunan da yake sha a leda ku tafi da su, har na kemis da na gargajiya. Sau da yawa amsar tana cikin ledar.

5. Me ya sa ake yawan ambaton bitamin B12?

Domin shi ne ƙarancin da ya fi kama da gigin tsufa, ya fi yawa ga tsofaffi, kuma maganinsa ba tsada. Jijiyoyin da ke kai saƙo a jiki suna da rufi kamar robar da ke kan wayar lantarki, B12 na cikin abin da ke kula da wannan rufi. In ya yi ƙaranci sai tafin ƙafa ya riƙa mutuwa ko zugi kamar ana tsira allura, mutum ya ji kamar auduga yake takawa, ya riƙa tangaɗi musamman a duhu, harshe ya yi sulɓi yana zafi. Mantuwa, baƙin rai da zargin mutanen gida sukan biyo baya.

Abin da babba ke buƙata a rana bai wuce maikirogiram 2.4 ba, amma daga dabba kaɗai ake samunsa: hanta, ƙoda, nama, kifi, ƙwai, nono da kindirmo. Zogale, kuka, wake da gyaɗa suna da amfaninsu, amma babu B12 a cikinsu. Hanta tana ajiye na shekaru, shi ya sa ƙarancin ke shigowa a ɓoye. Tsohon da haƙora suka zube ya daina taɓa nama bana, ba bana za a ga abin ba.

6. Inna tana cin nama da ƙwai, amma an ce B12 ɗinta ya yi ƙasa. Ta yaya?

Ci daban, jiki ya karɓa daban. Kafin B12 ya shiga jini sai tsamin ciki ya raba shi da naman, sannan wani sinadari da bangon ciki ke fitarwa ya riƙo shi ya kai shi ƙarshen ƙaramin hanji. Bangon cikin tsofaffi da yawa yakan sirance, tsamin ya ragu. Wasu kuma garkuwar jikinsu ce ke lalata wancan sinadari, kuma irin waɗannan magani ne har ƙarshen rayuwa.

Magunguna biyu da ke kusan kowane gida suna ƙara matsalar: metfomin na ciwon sukari, da omefirazol da danginsa na olsa, in an daɗe ana sha. Kada a daina su ba da sanin likita ba, a dai riƙa auna B12. Wanda ya yi shekaru a kan metfomin ƙafarsa ta fara mutuwa, akan ce sukari ne ya taɓa jijiya, alhali wani lokaci B12 ne. Inda akwai alamun jijiya likitoci kan fara da allura, in babu kuma ƙwaya mai ƙarfi kullum tana wadatar da mutane da yawa.

7. Takardar ta nuna 250, kuma an rubuta yana cikin daidai. Shi ke nan?

Ba lalle ba. Ku fara duba ma'aunin, domin wasu ɗakunan gwaji suna rubuta pg/mL, wasu pmol/L, kuma 200 na farko daidai yake da kusan 148 na biyu. A ma'aunin farko, ƙasa da 200 ƙaranci ne, tsakanin 200 da 300 kuwa bakin iyaka. Tsohon da ke bakin iyaka yana kuma da alamun da aka faɗa a tambaya ta 5, likita na iya ƙara wani gwaji, kamar homosistin, ko ya fara magani ya ga yadda jiki zai amsa.

Akwai wani tarko. Folik asid, ƙwayar nan da ake ba masu ciki, tana iya gyara ƙarancin jinin da rashin B12 ya kawo, takarda ta yi kyau, jijiyoyi kuwa suna ci gaba da lalacewa. Don haka kada a ɗora tsoho a kan folik asid shi kaɗai ba a san matsayin B12 ɗinsa ba.

8. Homosistin fa, mene ne shi?

Sinadari ne da jiki ke samarwa yayin sarrafa furotin, B12 da folet da B6 ke share shi. In suka gaza sai ya taru. Akan ɗauki sama da 15 a matsayin ya hau, kuma ciwon ƙoda ma yana ɗaga shi. An daɗe da lura cewa masu yawansa sun fi kamuwa da gigin tsufa.

A 2010 masana a jami'ar Oksfod ta Ingila suka fitar da sakamakon gwajin da suka yi wa mutanen da suka haura shekara 70 masu 'yar mantuwa. Bayan shekara 2 ana ba wasu bitaman B ɗin nan uku, hoton ƙwaƙwalwa ya nuna ƙanƙancewarta ta ragu da kusan kashi 30, ga waɗanda homosistin ɗinsu ya yi sama kuwa da kusan rabi. Labari mai daɗi. Sai dai a 2014 da aka haɗa manyan gwaje-gwaje 11 na mutum kusan 22,000, an ga bitaman sun sauke homosistin amma tunanin mutanen bai fi na sauran ba. Abin da za a iya ɗauka shi ne: mai ƙaranci ya amfana da gyara, wanda ba shi da ƙaranci kuwa kuɗinsa kawai yake zubarwa.

9. An ce jinin Baba ya yi ƙasa. Mu saya masa maganin ƙarin jini?

A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, himogulobin, wato awon yawan jini, ƙasa da 13 ga namiji ko ƙasa da 12 ga mace ƙarancin jini ne. In PCV aka rubuta muku, wajen 39 da 36 ke nan. Tsufa ba ya halatta ƙarancin jini. Yana kawo kasala, jiri da rashin natsuwar tunani, kuma bincike da dama ya nuna masu shi sun fi fuskantar raunin ƙwaƙwalwa.

Amma tambayar farko ita ce ina jinin ya tafi. A wani babban bincike na Amurka, kusan kashi ɗaya cikin uku ne kawai na tsofaffin ƙarancin jininsu ya fito daga rashin ƙarfe, B12 ko folet. Sauran ciwon ƙoda ne, ko wata cuta mai daɗewa, ko ba a gano dalili ba. Tsohon da ƙarfen jikinsa ya ƙare, sai a nemi inda yake zubar da jini a ɓoye: olsa, tsutsar ciki mai shan jini, basir, ko sankarar hanji. Magungunan ciwon gwiwa da baya irin su dikulofenak da ibufurofen, da tsofaffinmu ke sha kamar gyaɗa, suna cinye bangon ciki. Baƙin bayan gida kamar kwalta alama ce ta gaggawa. Kwalbar ƙarin jini daga kemis tana iya rufe wannan duka na watanni.

Gwajin feritin ke nuna ajiyar ƙarfe, amma yakan hau in jiki na yaƙi da wata cuta, sai ya ɓoye ƙarancin. Irin wannan ruɗu aka yi bayani a tambaya ta 12.

10. Gaskiya ne shayi da goro suna shan jini?

Ba sa shan jini, amma shayi yana hana jiki karɓar ƙarfen da ke cikin hatsi, wake da ganye in aka sha shi tare da abinci. A ba da tazarar awa ɗaya ko biyu. Goro kuwa babbar illarsa ga tsoho kashe yunwa da hana barci. Lemon zaƙi, goba, ɗanyen tumatir da garin 'ya'yan kuka suna yin akasin shayi, haka ma jiƙa gero da barinsa ya yi tsami kamar yadda ake yi wa kamu.

11. Muna cikin rana haka, tsohonmu zai rasa bitamin D?

Zai iya, in ya daina fita. Fatar tsoho ba ta samar da shi kamar ta yaro, kuma wanda ciwon ƙafa ya zaunar a ɗaki ranar da ke tsakar gida ba ta amfane shi ba. Ƙasa da 12 a ma'aunin ng/mL ƙaranci ne, 20 zuwa sama ya wadatar da yawancin mutane. An ga masu ƙarancinsa sun fi samun gigin tsufa, amma da aka yi babban gwaji a Amurka ana ba mutane bitamin ɗin kullum na shekaru, tunaninsu bai bambanta da na waɗanda ba a ba ba. A gyara ƙarancin don ƙashi da tsoka. A shimfiɗa wa Kaka tabarma a hantsi. Kada a cika mata ƙwaya, domin in ya yi yawa yana ɗaga kalsiyum, shi kuma yana ruɗa tunani.

12. Albumin ɗinsa ya sauka. Yana nufin ba ma ciyar da shi ke nan?

Kada ku ɗora wa kanku laifi tukuna. Albumin furotin ne da hanta ke yi, daidansa 35 zuwa 50 a ma'aunin g/L. An daɗe ana ɗaukarsa ma'aunin cima, amma yanzu an san ya fi nuna ciwo. Zazzaɓi, gyambo, tarin fuka, ciwon hanta da ƙodar da ke zubar da furotin a fitsari duk suna sauke shi ko mutum yana ci. Saukarsa tana cewa a bincika, ba ta ce a ƙara tuwo ba. Don sanin ko cima tana isa, tambaya ta gaba ta fi amfani.

13. Me za mu iya aunawa a gida ba tare da ɗakin gwaji ba?

Nauyi, sau ɗaya a wata, a sikeli ɗaya, a rubuta. Raguwar kashi 5 cikin ɗari a wata 6 ba da niyya ba, misali daga kilo 60 zuwa 57, ta isa a ga likita. In babu sikeli, tef ɗin tela ya isa: a auna inda sharaɓa ta fi kauri, ƙasa da santimita 31 alama ce tsoka ta zube, sai dai in ƙafar a kumbure take awon ba zai faɗi gaskiya ba. Zoben da ya fara faɗuwa, zanin da ake ƙara ninkawa, mazugin wando da ake ƙara ja, duk awo ne.

A asibiti akwai takarda mai tambayoyi 6 da ake kira MNA, makinta 14. Daga 12 zuwa 14 lafiya, 8 zuwa 11 akwai haɗari, 7 zuwa ƙasa tamowa ce. Ana kuma auna damƙar hannu da na'ura, inda masana a Turai suka sa iyaka a kilo 27 ga maza da 16 ga mata. A ganina, a gidan da kuɗi ya yi kaɗan, wannan awo da duba abin da ya rage a kwano bayan an ci sun fi rabin gwaje-gwajen da ake biya wa kuɗi faɗin gaskiya.

14. Rama ce ke kawo gigin tsufa, ko gigin ne ke kawo rama?

Duka biyun, kuma nan ne mutane suka fi ruɗewa da labaran bincike. An sha ganin cewa nauyin mutum yakan fara raguwa shekaru kafin a gane yana da ciwon. Jin ƙamshi da ɗanɗano suna dusashewa, ya manta bai ci ba, girki ya gagare shi, ya daina zuwa kasuwa, ya daina fita rana. Sai B12, bitamin D, albumin da nauyi duk su sauka tare. Mai bincike ya zo ya ga ƙananan lambobi da raunin tunani a mutum ɗaya, amma ba lambobin ne suka fara ba. Wataƙila wannan na cikin dalilan da suka sa abin da aka gani a tambaya ta 8 da ta 11 bai tabbata ba da aka gwada da ƙwaya.

Haka ma ƙiba. Teɓa a shekara 45 haɗari ce ga ƙwaƙwalwa nan gaba, amma a shekara 80 rama ce abin tsoro. Kada a sa tsoho mai rauni a dokar rage ci irin ta matasa.

15. Sukari da hawan jini su ma suna cikin lissafin?

Su ne ma kan gaba. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa abubuwa 14 a 2024 waɗanda in an magance su za a iya hana ko jinkirta kusan kashi 45 na gigin tsufa. Ciki akwai hawan jini, ciwon sukari, ƙiba, mugun kitsen jini, taba, giya, rashin motsa jiki, kaɗaici, da raunin ji da gani. Babu ƙarancin wani bitamin a jerin. Inda cima ta fi taɓa ƙwaƙwalwa ta hanyar jijiyoyin jini ne, wato gishiri, dunƙulen ɗanɗano, sukarin shayi da lemon kwalba, tun ana shekara 40.

Sukarin safe kafin a ci komai in ya kai 126, ko gwajin HbA1c ya kai 6.5, ciwon sukari ne. HbA1c yana nuna matsakaicin wata 2 zuwa 3, amma ba abin dogaro ba ne ga mai sikila, mai ƙarancin jini sosai, ko wanda aka yi wa ƙarin jini kwanan nan. Ga tsoho mai rauni likitoci kan sassauta, domin faɗuwar sukarin da aka faɗa a tambaya ta 3 ta fi ɗan hawansa haɗari.

16. Kaka tana gudawa, fatar hannunta ta yi baƙi tana saɓa, ga ruɗewa. Suna da alaƙa?

Ku gaya wa likita ukun tare. Akwai cuta mai suna felagira da rashin bitamin B3 ke kawowa, alamunta ke nan: fata ta ƙone a inda rana ke bugu, bayan hannu, wuya da ƙafa, sai gudawa, sai gigicewa. Tana kama wanda cimarsa ta koma masara zalla, tuwo da safe tuwo da dare ba nama ba wake ba gyaɗa, domin B3 ɗin masara a ɗaure yake jiki ba ya iya cirewa. Masu shan giya da masu shan isoniyazid na tarin fuka su ma suna cikin haɗari. Da an fara magani hankali kan dawo cikin kwanaki. Gyaɗa da ƙuli-ƙuli suna da B3 sosai.

17. Baba bai yi boko ba. Ta yaya za a gwada ƙwaƙwalwarsa?

Tambaya ce mai kyau, domin sanannun gwaje-gwajen nan biyu, MMSE da MoCA, masu maki 30 kowanne, suna neman rubutu, zane da lissafin takarda. Dattijon da ya haddace izu 60 yana iya faɗuwa don kawai bai saba riƙe biro ba. Masana a Ibadan sun fuskanci wannan, suka ƙirƙiro gwajin da ake jera tsinken ashana 4 mutum ya kwaikwaya, suka kuma haɗa da tambayar wanda ke zaune da tsohon. Don haka wanda zai raka shi asibiti ya zama wanda ya san yau da gobensa, kuma a yi gwajin da Hausa.

Wannan aiki ya fito ne daga binciken da aka fara a 1992 ana kwatanta tsofaffin Yarbawa a Ibadan da baƙaƙen fatar birnin Indiyanafolis a Amurka. A 2001 aka bayyana cewa masu kamuwa da gigin tsufa a shekara kashi 1.35 ne a Ibadan, kashi 3.24 a can. Cikin dalilan da masanan suka duba har da bambancin cima da ƙarancin cututtukan jijiyoyin jini a Ibadan ta wancan lokaci.

18. To, mu sayi ƙwayoyin bitamin da man kifi don rigakafi?

A jagoran da ta fitar a 2019, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da bitamin B, E, man kifi ko haɗin bitamai da nufin hana gigin tsufa. Bayan nan wani gwaji a Amurka da aka bayyana a 2022 ya ga ɗan ci gaba kaɗan ga masu shan haɗin bitamai na shekara 3, amma bai nuna an hana ciwon ba. Ko tsarin cin nan mai suna MIND, na ganye, wake, kifi da man zaitun, da aka gwada shi a kan mutum 604 na shekara 3, sakamakon 2023 bai nuna ya fi ɗan rage cin da rukunin da aka kwatanta su da shi ya yi ba.

Wanda ya fi ba da ƙwarin gwiwa shi ne gwajin ƙasar Finlan na 2015, mutum 1,260 masu shekara 60 zuwa 77, inda aka haɗa gyaran cima, motsa jiki, wasa ƙwaƙwalwa da kula da hawan jini na shekara 2. Kuɗin kwalba ɗaya ta kanti ya sayi ƙwai da kifi na kwanaki. Ƙwaya ta mai ƙarancin da gwaji ya tabbatar ce.

19. Haƙoranta sun zube, kunu da shayi kawai take so. Me za mu dafa?

Masana cimar tsofaffi suna ba da shawarar giram 1 zuwa 1.2 na furotin ga kowane kilo na nauyi a rana, in babu ciwon ƙoda mai tsanani. Mai kilo 60 tana buƙatar giram 60 zuwa 72, ƙwai ɗaya kuwa giram 6 ne. Kun ga koko da burodi ba za su kai ta ko'ina ba.

Kada ku yi faɗa da kunun, ku ƙara masa nauyi: kunun gyaɗa, garin waken suya, madara. Fura ta sha nono ko kindirmo. Alale da ƙwai a ciki, awara, faten wake da ya nuna luguf, hanta da aka daka a miya sau ɗaya a mako, busasshen kifi da aka cire wa ƙaya aka niƙa a miyar kuka ko taushe. Kaɗan-kaɗan sau 5 ya fi babban kwano sau 2. A duba bakinta ko akwai gyambo ko haƙori mai ciwo. In tana ƙwarewa ko tari duk lokacin da ta sha ruwa, a gaya wa likita. Sannan a zauna a ci tare da ita, domin tsohon da aka tura wa kwano ɗaki shi kaɗai yakan ci ƙasa da wanda ke cikin jama'a.

20. Ya nace sai ya yi azumi. Ya za mu yi?

A ga likita makonni kafin watan, musamman mai ciwon sukari, ƙoda, ko mai shan maganin sa fitsari, don a gyara lokacin magani. In sukari ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300, ko ya fara ruɗewa, a karya. Malamai sun yi bayanin sassaucin da aka yi wa tsoho da mara lafiya, da kuma hukuncin wanda hankalinsa ya gushe. Sau da yawa maganar da ya ƙi ji daga bakin 'ya'yansa zai karɓe ta daga bakin limamin unguwa.

21. In an fara magani, yaushe za mu ga sauyi?

Ya danganta da abin da aka gyara. Sukari da ruwan jiki, cikin awoyi ko kwanaki, ko da yake ruɗewar da ta biyo bayan ciwo mai tsanani kan ɗauki makonni kafin ta washe. Sodiyum a hankali ake ɗaga shi a asibiti, gaggawa tana da haɗari. Ƙarfen jiki yakan ɗaga jini cikin mako 3 zuwa 4, kuma ana ci gaba da sha kamar wata 3 bayan jinin ya daidaita don a cika ajiya. Maganin tayrod ana sake awonsa bayan mako 6 zuwa 8.

B12 yana gyara jini cikin kamar wata 2, amma jijiyoyi sukan ɗauki wata 3 zuwa shekara, kuma abin da ya daɗe da lalacewa ba lalle ya dawo duka ba. In an yi wata 6 lambobi sun daidaita mantuwar kuwa tana ƙaruwa, to akwai wani ciwon a ƙasa, sai a nemi likitan ƙwaƙwalwa. Ku tafi masa da tsofaffin takardun gwajin, littafin da kuke rubuta nauyi, da ledar magungunan nan.